Harry Wattie: Ɗan wasan Sikotland da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba da ƙwallo

Harry Wattie, ɗan wasan gaba na ƙungiyar Heart of Midlothian da ke birnin Edinburgh, yana cikin matasan da tauraruwarsu ke haskawa a Sikotland lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agustan 1914.

Ƙungiyar, wadda aka fi sani da Hearts, ta buɗe kakar wasa ta 1914 zuwa 1915 da doke Celtic da ci 2 da nema, ta kuma yi nasara a wasanninta 8 na farko a jere. Magoya bayanta sun fara sa ran ɗaukar kofin gasar.

Sai dai a lokacin Birtaniya ba ta fara tilasta wa jama'a shiga soja ba, domin dokar hakan sai a 1916 ta soma aiki. Saboda haka rundunar ta dogara ne ga masu sa kai. Jaridu da wasu manyan mutane suka riƙa sukar 'yan ƙwallo, suna cewa bai dace ƙarti majiya ƙarfi su ci gaba da wasa ba alhali tsaransu na mutuwa a Faransa. Har an yi kira da a dakatar da gasar baki ɗaya.

Cikin wannan yanayi ne Sir George McCrae, tsohon ɗan majalisar dokoki, ya kafa bataliya ta 16 ta rundunar Royal Scots a watan Nuwamban 1914. Wattie da abokan wasansa da dama suka ba da sunayensu, ɗaruruwan magoya baya suka bi sahu, haka ma 'yan wasa daga Raith Rovers da Falkirk.

'Yan wasan sun ci gaba da buga gasar, amma atisayen soja da doguwar tafiyar dare sun gajiyar da su. Hearts ta daɗe a saman teburi, daga bisani Celtic ta wuce ta, ta lashe kofin da tazarar maki 4.

A farkon 1916 aka tura bataliyar Faransa. Ranar 1 ga Yulin 1916, wato ranar farko ta gumurzun Somme, sojojin Birtaniya fiye da 19,000 suka kwanta dama. Wattie na cikinsu, tare da abokan wasansa Duncan Currie da Ernest Ellis. Ba a gano gawarsa ba, shi ya sa aka rubuta sunansa a jikin ginin tunawa na Thiepval, wanda ke ɗauke da sunayen mutum fiye da 72,000 da ba a san makwancinsu ba.

Jimillar 'yan wasan Hearts 7 ne suka rasu a lokacin yaƙin. Waɗanda suka dawo ma ba duka suka warke ba: Bob Mercer, wanda ya shaƙi iskar guba a fagen daga, ya faɗi ya rasu yana tsaka da wasan sada zumunta a 1926.

A 1922 aka gina hasumiyar agogo a unguwar Haymarket ta Edinburgh domin tunawa da su. Har yau jami'ai da 'yan wasa da magoya bayan ƙungiyar kan taru a wurin kowane watan Nuwamba.