Zaɓen Darussa Tun Daga Aji Huɗu na Sakandare

A Najeriya, shirin shiga jami'a yana farawa tun aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai zuwa ɓangaren kimiyya, adabi ko kasuwanci. Rabon nan yana da nauyi. Jarrabawar JAMB ta shiga jami'a darussa huɗu ce: Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin da ake nema ke tantance su. Mai son likitanci sai ya rubuta fiziks, kemistiri da bayoloji, ga kuma kiredit biyar a WAEC ko NECO.

Abin takaici, yara da yawa abokai suke bi wajen zaɓen ɓangare. Ya kyautu iyaye su kai matashi ɗakin shan magani ko ofishin lauya lokacin hutu, ya ga aikin da idonsa, ya yi tambayoyi kafin ya cike fom.