Gargaɗi ga Masu Zuwa Hoton Maganaɗisu

Jama'ar Nassarawo, Jimeta da Yola, a saurara da kyau. Duk wanda likita ya rubuta wa hoton maganaɗisu, wato MRI, saboda ciwon baya, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kada ya taka ƙofar ɗakin hoton sai ya faɗi duk wani ƙarfe da ke jikinsa, na fili da na ɓoye. Mai rakiya ma haka.

Na'urar nan babban mayen ƙarfe ce. Wadda aka fi amfani da ita, mai ƙarfin tesla 1.5, ta ninka maganaɗisun duniya kusan sau 30,000. Kuma ba ta barci: ko ba a ɗaukar hoto, ko an ɗauke wuta, tana nan tana ja. A 2001 wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu a jihar New York ta Amurka bayan na'urar ta fizgo tukunyar oksijin ta bugi kansa. A 2018 a birnin Mumbai na Indiya, wani mai rakiyar mara lafiya ya shiga ɗakin riƙe da irin wannan tukunya, ya rasa ransa. A Yulin 2025 kuma, a New York ɗin dai, na'urar ta janyo wani mutum da ƙatuwar sarƙar ƙarfe a wuya, rai ya yi halinsa.

Mu a Adamawa haɗarinmu ya fi haka kusa. Bama-baman da suka tashi a kasuwar Jimeta da masallacin Jambutu a 2015, da na Mubi a 2017 da 2018, sun bar bayin Allah da ɓaraguzan ƙarfe a cikin tsoka. Akwai masu harsashi a jiki tun shekaru. Akwai masu walda da maƙera da bakanikai waɗanda tartsatsin ƙarfe ya taɓa faɗa wa a ido, suka wanke da ruwa suka koma aiki. Ɗan tsinin da ya shekara goma kwance a ido yana iya motsawa cikin na'urar ya makantar da mutum. Mai irin wannan tarihi ya faɗa, a fara yi masa hoton eksire a tabbatar. Mai na'urar daidaita bugun zuciya, ko wanda aka dasa wa abin ji a kunne, ko aka sa wa ƙarfe a ƙashi bayan karaya, ya zo da takardun aikin, ma'aikata su tantance ko irin nasa na shiga.

Sai ɓarna ta biyu, wadda ba ta zubar da jini amma tana cutarwa: lalacewar hoton. Fil ɗin ɗaurin kallabi guda ɗaya da aka manta a kitso yana jawo baƙin rami a hoton ƙwaƙwalwa, ya murɗe abin da ke kewaye da shi. In ƙari na ɓoye a daidai wurin, likita ba zai gan shi ba. Wayar gyaran haƙori na dusashe hoton fuska, wasu kayan kwalliyar ido masu ƙurar ƙarfe kuma na ɓata na idanu. Saboda haka ranar hoto a wanke fuska, a cire 'yan kunne, awarwaro, zobe, agogo, rigar mama mai ƙarfe, waya da katin banki. Mai laya, guru ko kambu ya ajiye wa ɗan'uwansa a waje, domin ba kowa ya san abin da aka ɗinke cikin fatar ba. Babu abin kunya a nan. Ma'aikacin hoto lafiyarka yake nema.

Motsi ma yana ɓata aiki. Hoton kan ɗauki minti 20 zuwa 45, ramin na'urar da matsi, ƙararta kamar ana dukan ganga a kunne. In ka yi tari ko ka gyara kwanciya, hoton zai fito da inuwa bibbiyu, a sake daga farko, wani lokacin da sabon kuɗi. Ka karɓi abin toshe kunne, ka kwanta lamo. In kana tsoron ƙuntataccen wuri, ko yaro ne za a ɗauka, a gaya wa likita tun kafin ranar. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda su faɗa kafin a yi musu allurar haska hoto.

Ku kuma masu kula da ɗakunan hoto, don Allah a riƙa yi wa mutane tambayoyin nan da Hausa da Fulatanci, a bakin ƙofa, ɗaya bayan ɗaya. Kada a bar keken majinyaci ko tukunyar oksijin ta ƙarfe ta ƙetare ƙofar, komai gaggawa.

Wanda ya karanta wannan ya isar wa na gida, musamman dattawa da masu walda da waɗanda suka tsira daga harin bam. In kunne ya ji, jiki ya tsira.