Mai Sulhu Ba Munafuki Ba Ne

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta yi yawa a bakin samarinmu, tun daga majalisun Bilma har Agadas, wai duk wanda ya shiga tsakanin masu jayayya biyu, ya nuna cewa kowannensu yana da rabonsa na gaskiya, to baki biyu gare shi, ba shi nan ba shi can. Wallahi na gaji da jin wannan ƙazafi, musamman da yake masu yinsa galibi ba su taɓa durƙusawa gaban malami sun sauke ko Ishmawi ba.

Malaman mantiƙi sun gama da wannan mas'ala tuntuni: zance biyu ba sa warware juna sai in sun faɗa a kan abu guda, a lokaci guda, ta fuska guda. In ɗaya daga cikin sharuɗɗan ya ɓace, saɓanin na zahiri ne, kuma neman inda suka haɗu wajibin mai hankali ne.

To ina munafunci a nan? Munafuki shi ne wanda ya ɓoye abin da ke zuciyarsa, ya je wa wannan da fuska, ya je wa wancan da wata, alhali mai sulhu yana faɗin magana ɗaya ne a gaban kowa, har ya sha zagi daga ɓangarorin biyu. Ku dubi rigimar ƙabalu da sadalu, wadda ta raba masallatai a ƙasar Hausa, har ɗa ya ƙi bin ubansa salla: hadisin ɗora hannun dama a kan hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ruwayar sakin hannu kuwa tana cikin Mudawwana ta hanyar almajirinsa Ibnul Ƙasim, amma malaman Malikiyya ba su yar da ko ɗaya ba, sai da yawansu suka fassara karhancin riƙe hannu da ke cikin Mudawwana da cewa ya shafi mai riƙe hannu don dogara ne. Ƙa'idar usulu ce sananniya cewa aiki da dalilai biyu, matuƙar zai yiwu, ya fi jefar da ɗaya. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, littafi sukutum ya wallafa don tabbatar da cewa hikima da shari'a ba sa gaba. Shin waɗannan duka munafukai ne? Subhanallahi!

Ballantana mu mutanen Kawar, da muke cin abinci daga haɗuwar kishiyoyi. Wanda ya je Kalala ya ga yadda ake haƙa rami har ruwa ya tsattsafo, rana ta dafa shi, ɓawon gishiri ya taru a sama, ma'aikaci ya farfasa shi ya nutse, daga nan a sami beza ta miya, a cura kantu na dabbobi, ya san cewa ba don ruwa da zafin rana sun yi tarayya ba, da babu abin da zai sa ayarin Abzinawa ya keto Tenere ta Fashi da kaka, ɗauke da gero, ya koma da gishiri da dabino. Ruwan sama kuwa shi ne ya narkar da gidajenmu a watan Agusta na 2006, domin komai da gwargwadonsa.



Saboda haka, ɗan'uwa, in gardama ta taso, kada ka yi gaggawar rantsuwa. Ka tambayi abokin jayayyarka abin da yake nufi, ka maimaita masa hujjarsa har sai ya ce haka ne, sa'an nan ka kawo taka. Ka bincika ko lokaci ɗaya kuke magana a kai, ko hali ɗaya. In mas'alar addini ce, ku tashi ku je wurin malamin da ya san saɓanin magabata, ku bar mai ɗaga murya a kasuwa. In ta tabbata ɗayanku ne ya yi kuskure, a faɗa masa a keɓe, don sulhu ba ya halatta ƙarya. Ku kuma dattawa, don Allah ku daina yin shiru in yara suna cin mutuncin mai shiga tsakani a gabanku.