Harshen Shelar Koyon Sana'a a Maiduguri: Gudummawar Ɗaliban Jami'a ga Ƙungiyoyin Sa-kai

1.0 Gabatarwa

Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 ya koro ɗimbin jama'a daga Bama da Gwoza da Dikwa da sauran garuruwan Borno zuwa cikin birnin, musamman daga 2014. A bayansu ƙungiyoyin sa-kai suka biyo, na gida da na ƙetare. Cikin ayyukan da suka fi mayar da hankali a kai har da zaman koyar da sana'a, inda ake koya wa mutum ɗinkin hula ko haɗa sabulu ko gyaran waya da hannunsa. Gidauniyar Future Prowess, wadda Zannah Mustapha ya kafa a 2007, misali ce ta ƙungiyar gida da ta haɗa karantar da marayu da koya wa zawarawa sana'a.

Ƙananan ƙungiyoyi ba kasafai suke da kuɗin ɗaukar ƙwararrun masu talla ba. Saboda haka sukan dogara da ɗaliban Jami'ar Maiduguri da na sauran manyan makarantun garin, wasu a lokacin sanin makamar aiki, wasu kuwa don Allah kawai. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa shawarar da irin wannan ɗalibi zai bayar, kafin ta zama ta zane ko ta kwamfuta, shawara ce ta harshe.

2.0 Yanayin Harsuna a Garin

Kanuri shi ne harshen asalin masarautar Borno, amma Hausa ce ta zama harshen kasuwa da mota da unguwannin da aka cakuɗa. Akwai kuma Larabcin Shuwa da Babur-Bura da Margi da Fulatanci, ga kuma harsunan tsaunukan Gwoza. Ingilishi na ofis ne. Wannan ya sa ma'aikatan agaji da yawa suka ɗauka cewa da zarar an mayar da saƙo Hausa, magana ta ƙare. Binciken da ƙungiyar Translators without Borders ta yi a sansanonin Maiduguri a 2017 ya nuna akasin haka: 'yan ƙalilan ne suka fahimci saƙon da aka rubuta, kuma matan da ba su yi boko ba su ne a baya. Saƙon da aka ji da kunne ya fi shiga. Wanda ya iya ciniki da Hausa a Monday Market ba lalle ne ya gane takardar da aka rubuta da daidaitacciyar Hausar Kano ba.

3.0 Matsalar Kalma

A nan ne aikin ɗalibin harshe ya fi yawa. Kalmar da Bature ke kiran irin wannan zama da ita, asalinta tana nufin ɗakin aikin maƙeri ko kafinta, wato wurin da hannu ke motsi. Masu fassara sun saba mayar da ita bita ko taron ƙara wa juna sani. Dukansu biyu sun kauce. Bita maimaita karatu ce, kuma a kunnen talaka ta zama abin ma'aikatan gwamnati, inda ake zama a otal ana sauraron jawabi. Taron ƙara wa juna sani kuwa na waɗanda suka riga suka sani ne. Bazawarar da ta ji ɗaya daga cikinsu ba za ta ga kanta a ciki ba.

Horo ma yana da nasa cikas, domin ma'anarsa biyu ce, koyarwa da hukunci. Mai jin Hausa sama-sama, wanda ya fara sanin kalmar a bakin malamin da ke riƙe da bulala, zai iya ɗaukar ta biyun.

Wadda ta fi duka haɗari ita ce tallafi. Shekarun rabon kayan agaji sun sa kalmar ta ƙuntata, har ta koma tana nufin kuɗi ko buhun abinci ko keken ɗinki da za a ba mutum ya tafi da shi gida. Idan aka yi shela da ita, za a sami cikowa a ranar farko, amma da zarar an ga babu rabo sai zaure ya watse, a kuma bar ƙungiyar da sunan mayaudara. Cikowar da aka samu da kalmar da ba ta dace ba asara ce. A dubi waɗannan misalai:

(1) Ana gayyatar masu ruwa da tsaki zuwa bitar tallafa wa mata kan dogaro da kai.

(2) Mata, ku zo a koya muku haɗa sabulu da hannunku, kwana uku, bayan la'asar. Kyauta ne, amma ba a raba kuɗi.

Jumla ta (1) nahawunta daidai ne, sai dai ba ta faɗi abin da za a yi ba, kuma sunaye ne jere a kan sunaye, irin ginin da fassara daga Ingilishi kan haifar. Ta (2) ta dogara da aikatau, ta ambaci sana'ar, ta auna lokaci da salla, ta kuma kashe zaton rabo tun daga farko. Shugaban ƙungiya yakan ƙi irin ta (2) don yana ganin ba ta da kwarjini. Shawo kansa wani ɓangare ne na aikin mai ba da shawara, kuma ba ƙarami ba ne ga ɗalibin da bai kai shi shekaru ba.

Akwai kuma batun jinsi. Kanuri ba ya rarrabe namiji da mace a nahawu, kuma Hausar da yawancin masu koyo ke yi a garin ta sassauta wannan bambanci. Duk da haka, Bahaushiya tana iya jin duk wanda yake so ta ɗauka da maza ake. Jam'i ya fi aminci: duk masu so, maza da mata.

4.0 Hanyar Isar da Saƙo

Ɗalibi yakan fara tunanin Facebook da WhatsApp, domin can ne duniyarsa. Suna da amfani wajen jawo matasa da masu ba da taimako. Wadda ake nema ta koyi sana'ar kuwa sau da yawa ba ta da babbar waya. Rediyo ya fi kai wa gare ta, kuma garin yana da BRTV da Dandal Kura, mai watsa shirye-shirye da Kanuri da Hausa, da Kanem FM ta jami'ar kanta, inda ɗalibai ke iya naɗar sanarwa da muryoyinsu.

Amma ko rediyo bai kai bakin Bulama ba. Tsarin sarautar Borno ya sauko daga Shehu zuwa Aja, zuwa Lawan, zuwa Bulama mai riƙe da unguwa, kuma sanarwar da ta biyo ta hannunsa tana zuwa da lamuni. A garin da ya sha fama da tashin hankali, miji ba zai bar matarsa ta je taron da bai san mai shi ba. Gaisuwar da za a yi wa Bulama, da harshen da za a yi ta, su ma ilmi ne da ɗalibin Sashen Harsuna ya fi ɗalibin kasuwanci sani. Haka nan ajami: Borno ƙasar tsangaya ce, kuma da yawa daga waɗanda ake ƙirgawa cikin marasa karatu suna karanta shi sarai.

Tun da gwamnatin jiha ta fara rufe sansanonin cikin gari a 2021, aikin ya ƙara wuya. A da shela ɗaya a sansanin Bakassi tana isa ga dubban mutane. Bayan rufewar, wasu sun koma garuruwansu, wasu sun bazu a unguwanni, kuma da yake an hana hawa babur tun 2011, zuwa wurin koyo yana nufin kuɗin Keke Napep. Ke nan dole sanarwa ta faɗi unguwar da sunan da mazauna suka san ta, ta kuma faɗi ko ƙungiyar za ta biya kuɗin mota.