Duwatsun Tunawa A Bakin Kogin Tay

Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka ne zan kawo muku labarin wani hatsarin jirgin ƙasa da ya auku a ƙasar Sikotilan, da yadda mutanen wurin suka ƙi yarda a manta da shi.

A shekarar 1878 aka buɗe wata gada ta dogo a kan Kogin Tay, daura da birnin Dundee. Tsawonta ya kusa mil 2. Sarauniya Biktoriya da kanta ta haye ta, har ta ba injiniyan da ya tsara ta, watau Thomas Bouch, lambar girma.

Ran Lahadi 28 ga Disamba 1879, bayan magariba, aka yi wata irin iska mai tsanani. Jirgin fasinja ya hau gadar ke nan sai tsakiyarta ta rufta, kan jirgi da taragai duka suka zunduma cikin ruwa. Ko mutum ɗaya bai tsira ba. Gawa 46 kaɗai aka samu. Da aka yi bincike sai aka tarar tsarin gadar ba daidai ba ne, ginin ba inganci, kulawa kuma ba ta isa ba. Ba a yi lissafin ƙarfin iska yadda ya kamata ba. Bouch bai cika shekara ba bayan wannan ya rasu.

An gina sabuwar gada a 1887, kuma har yau ana ganin kututturan tsohuwar a gefenta. Amma fa aka yi shekara fiye da 130 ba wani wuri guda da aka rubuta sunayen mamatan duka. Sai mutanen yankin da jikokin mamatan suka kafa ƙungiya, suka shiga tara kuɗi. Ran 28 ga Disamba 2013 aka buɗe duwatsun tunawa a gaɓa biyu na kogin, a Dundee da ƙauyen Wormit, an sassaƙa sunayen mutum 59 waɗanda aka tabbata sun mutu.

To, mene ne amfanin wannan wahala? Na farko, lamba ba ta da dangi, amma suna yana da su. Na biyu, dutsen gargaɗi ne ga duk mai gini, cewa ha'incin rana ɗaya yana iya cin rayuka masu yawa.

Mu ma muna da namu, hatsarin Langalanga na 1970. 'Yan'uwana ɗalibai, mu tambayi dattawan da suka san labarin, mu rubuta tun suna raye. Abin da aka rubuta shi ke tabbata.