Kiwon Kifi: Gona A Cikin Ruwa

Mun saba da kiwon kaji da awaki, amma yawancinmu muna ɗaukar kifi kamar naman daji, sai an je kogi da koma a kamo. To, ruwa ya fara gajiya. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye ƙwarai sa'ad da aka yi fari a shekarun 1970 da 1980. Jama'a kuwa sai ƙaruwa suke yi. Yau kifin da ake samu a Nijeriya bai kai rabin bukatarmu ba, shi ya sa ake shigo da kifin ƙanƙara daga ƙetare. Idan ya yi tsada, 'ya'yanmu ne suke shan miya ba nama.

Kiwon kifi ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tun 1951 aka buɗe gonar kifi a Panyam, a Jihar Filato. Yanzu a Afirka duka, Masar kaɗai ce ta fi Nijeriya kiwon kifi, kuma yawancin abin da muke kiwatawa tarwaɗa ce. Ita tarwaɗa tana iya shaƙar iska a saman ruwa, saboda haka tana jure cunkoso. Idan ta ƙoshi, takan kai kilo 1 cikin kamar wata 6. Karfasa kuwa yawan haihuwa ne matsalarta. Idan aka bar maza da mata tare, kududdufi zai cika da ƙanana waɗanda ba sa girma.

Amma kafin mu ɗauki shebur, sai mu tambayi kanmu abu biyu. Na fari, muna da ruwan da ba ya yankewa da rani? Sai mu haƙa ɗan rami, mu cika shi da ruwa, mu duba kashegari. Ƙasa mai laka tana riƙe ruwa, yashi kuwa shanyewa yake yi. Na biyu, muna da kuɗin abincin kifi har ranar kamu? Abinci yakan cinye fiye da rabin kuɗin kiwon. Mutane da yawa sun zuba 'ya'yan kifi, kuɗi ya ƙare a wata na uku, suka sayar da hasara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shawararmu ita ce iyali su fara da kaɗan. A riƙa rarraba tarwaɗa bisa ga girmansu, gama manya suna cin ƙanana. Ruwan da aka sauya kada a zubar, a kai shi lambu, taki ne. A nemi mai saye tun kifi bai girma ba, abin da ya rage a yi banda. Maigida da uwargida su rubuta kowace naira da ta fita. Idan kududdufi ɗaya ya biya kansa, kuma yara suka ci kifi, sa'an nan a haƙa na biyu.