Wane Yaro Ya Isa a Ɗaura Masa Igiya?

Ƙungiyoyin matasa masu kaki a birnin Sakkwato, wato 'yan sikawut da 'yan Man O' War da kuma 'yan agaji na ƙungiyoyin addini irin su Jama'atu Nasril Islam wadda Sarkin Musulmi yake shugabanta, duk sun dogara ne a kan ƙananan shugabanni, domin malami ɗaya ba zai iya lura da yara masu yawa a filin fareti ba sai ya kasa su rukuni-rukuni, ya danƙa kowane rukuni a hannun ɗaya daga cikinsu. Haka Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya yi a sansanin sikawut na farko a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, inda ya raba yaransa gida huɗu. Ita ma Man O' War horar da shugabanni ne tushenta tun lokacin da Alec Dickson ya buɗe cibiyarta a 1951 a gaɓar teku kusa da Victoria, wadda yanzu ake kira Limbe a Kamaru.

Kafin a tura yaro kwas ɗin shugabanci akan dubi abubuwa biyu da mutane kan ɗauka ɗaya ne, alhali sun bambanta. Na farko shi ne cancanta, wato sharuɗɗan da ake iya rubutawa a takarda, kamar shekarun haihuwa da daɗewa a ƙungiya da yawan halartar atisaye da ƙoshin lafiya da kuma izinin iyaye. Waɗannan ba su da wuyar tantancewa.

Na biyu shi ne shiri, kuma a nan ne aka fi tuntuɓe, saboda babu rajistar da ke nuna shi. Sau da yawa ido kan kai ga dogon yaro mai kakkausar murya wanda ya iya ba da umarni a fareti, sai a manta cewa aikin mai igiya, wato mai alamar muƙamin da ake ɗinkawa a hannun riga kamar ta kofur, kaɗan ne daga cikinsa yake faruwa a layin fareti. Mafi yawansa koyarwa ne da haƙuri da sabon shiga wanda har yanzu yake rikita hagu da dama, da raba aiki ba tare da fifita aboki ba, da karɓar gyara a gaban na ƙasa ba tare da kumburi ba. Yaron da aka ba iko kafin ya mallaki waɗannan halaye yakan mayar da gwale-gwale da tsallen kwaɗo hanyar rama abin da manyansa suka yi masa, kuma daga nan ne sababbin shiga suke fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Yanayin Sakkwato ya ƙara wa lamarin nauyi. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, saboda haka ƙaramin shugaban da bai san alamun galabaita ba, irin su jiri da ciwon kai da rikicewar magana, yana iya ɗaukar yaron da ya durƙushe a matsayin rago, musamman idan atisayen ya faɗo cikin azumi. Sanin lokacin da za a tsayar da fareti a koma inuwa a nemi babba yana cikin shiri, ko da ba ya cikin takardar cancanta.

Ya kamata malaman da ke riƙe da waɗannan ƙungiyoyi a makarantun birnin su fara ba yaro ƙaramar amana na tsawon zangon karatu guda, kamar riƙe rajista ko koyar da sababbi uku, su kuma saurari abin da na ƙasa da shi suke faɗa a kansa, kafin su rubuta sunansa cikin masu tafiya kwas.